Matteo Ricci: Limamin Katolika da ya shiga birnin sarkin Sin cikin rigar malamai

A harabar wata kwalejin horar da jami'an gwamnati da ke yammacin birnin Beijing akwai wata 'yar maƙabarta da aka kewaye da katanga. Ɗaya daga cikin duwatsun da ke cikinta yana ɗauke da rubutu iri biyu, na Latin da na Sinanci, da kuma sunaye biyu na mutum guda: Matteo Ricci a wajen mutanen Turai, Li Madou a wajen Sinawa. Shi ne limamin ɗarikar Katolika ɗan Italiya da ya rasu a birnin ranar 11 ga Mayu, 1610, bayan ya shafe kusan shekara 27 a cikin daular Ming. A wancan zamani, idan ɗan mishan ya mutu a cikin ƙasar, Macau ake kai gawarsa. Shi kuwa sarki ne da kansa ya ba da filin da aka binne shi, sarkin da har ya bar duniya bai taɓa yin ido huɗu da shi ba.

An haifi Ricci ranar 6 ga Oktoba, 1552, a garin Macerata da ke tsakiyar Italiya, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Paparoma. Mahaifinsa mai haɗa magunguna ne, kuma burinsa ɗan ya zama lauya, don haka ya tura shi Roma a 1568. Shekara uku bayan haka saurayin ya ajiye karatun shari'a ya shiga ƙungiyar Jesuit, wadda Ignatius na Loyola ya kafa, Paparoma kuma ya amince da ita a 1540. Ƙungiya ce ta limamai da suka yi alkawarin zaman talauci da rashin aure da biyayya, suka kuma yi suna wajen buɗe makarantu da zurfafa karatu. A kwalejinsu ta Roma Ricci ya zauna gaban Christopher Clavius, Bajamushe masanin lissafi da taurari, ɗaya daga cikin waɗanda suka gyara kalandar Miladiyya a 1582. Abin da ya kwasa a wannan aji, wato lissafi da zanen taswira da sarrafa na'urorin auna taurari, shi ne ya zame masa guzuri a ƙasar da ba a san littafin addininsa ba.

A watan Maris na 1578 ya tashi daga Lisbon a jirgin ruwan Fotugal, ya zagaya kudancin Afirka, ya sauka Goa da ke gaɓar Indiya a watan Satumba. Ya yi koyarwa a Goa da Cochin, kuma a Cochin aka naɗa shi limamin coci a 1580. Tun a nan halinsa ya fara bayyana, domin a 1581 ya rubuta wa shugaban ƙungiyar da ke Roma wasiƙa yana ƙorafi a kan matakin da aka ɗauka na hana ɗaliban Indiya shiga azuzuwan falsafa da tauhidi. A ganinsa hakan zai bar su a jahilce, ya kuma sa su ƙi waɗanda suka zo koyar da su.

Ƙasar Sin kuwa a kulle take. Francis Xavier, babban ɗan mishan na Jesuit, ya rasu a wani ƙaramin tsibiri da ke bakin gaɓarta a watan Disamban 1552, yana jiran jirgin da zai tsallakar da shi, wata biyu kacal da haihuwar Ricci. 'Yan Fotugal sun sami izinin zama a Macau tun wajen 1557, amma limamansu da ke can suna ɗaukar wanda ya karɓi addini kamar ya zama ɗan Fotugal ne: a canza masa suna, a canza masa tufafi, a koya masa harshensu. Wanda ya sauya wannan tsari shi ne Alessandro Valignano, mai kula da ayyukan Jesuit a gabashin duniya. Ya yanke shawarar cewa ɗan mishan ne ya kamata ya koyi harshen mutane da rubutunsu da ladubbansu kafin ya buɗe baki ya yi wa'azi. Ba za a wanke Valignano tas ba, domin rubuce-rubucensa sun nuna yana fifita Sinawa da Japanawa yana ƙasƙantar da Indiyawa da mutanen Afirka. Duk da haka umarnin da ya bayar shi ya kawo Michele Ruggieri Macau a 1579, sannan Ricci a watan Agustan 1582, aikinsu guda: su koyi Sinanci.

A watan Satumban 1583 wani hakimi mai suna Wang Pan ya ba su biyun izinin zama a Zhaoqing da ke lardin Guangdong. Suka aske kai da gemu, suka sa rigar sufayen addinin Buddha, bisa zaton cewa ita ce shigar masu addini da jama'a za su gane. A ɗakin baƙinsu suka jera agogo, da littattafai masu kyakkyawan bango, da wani gilashi mai kusurwa uku da ke rarraba hasken rana zuwa launukan bakan gizo, suka kuma rataye taswirar duniya a bango. Taswirar ce ta fi tsayar da masu ziyara. A 1584 Ricci ya zana wata da sunayen ƙasashe cikin Sinanci, ya kuma yi dabarar ajiye tekun Pasifik a tsakiya, abin da ya matso da ƙasar Sin kusa da cibiyar zanen maimakon gefen da taswirorin Turai suka saba jefa ta. A shekarun nan ne kuma shi da Ruggieri suka haɗa ƙamus na Fotugisanci da Sinanci, wanda ya ɓace a ma'ajiyar takardun ƙungiyar a Roma har sai da aka gano shi a 1934.

Zaman bai yi daɗi ba. An sha jifan gidan, an sha kai su ƙara, kuma jita-jita ta bazu cewa baƙin sun san sirrin mayar da zaiba azurfa, tunda ba a ga suna noma ko kasuwanci ba amma kuɗi ba ya yanke musu. Gaskiyar ita ce kuɗin daga Macau yake zuwa, inda ƙungiyar ke da hannu a cinikin alharini tsakanin Sin da Japan. Ruggieri ya koma Turai a 1588, sabon gwamna kuma ya kori Ricci daga Zhaoqing a 1589, ya koma Shaozhou. A can abokan aikinsa biyu suka rasu ɗaya bayan ɗaya, kuma a 1592 wasu suka far wa gidan da dare, ya dira ta taga ya ji rauni a ƙafa, raunin da bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Jita-jitar azurfar ce ta kawo masa mutumin da ya sauya masa alƙibla. Qu Taisu, ɗan wani babban jami'in gwamnati, ya zo neman sirrin zaiba, ya ɓuge da koyon lissafi. Shi ya fahimtar da Ricci cewa rigar da yake sanye da ita ba ta da ƙima a idon masu mulki, domin a daular Ming girma na malaman Konfushiyos ne, waɗanda suka ci jarrabawar gwamnati mai matakai da ake ɗaukar hakimai da gwamnoni da ministoci ta hanyarta. Wanda bai san littattafan da ake jarrabawar a kansu ba, ba a ɗauke shi mai ilmi ba, ko da me ya sani. Ricci ya duƙufa a kan waɗannan littattafai, ya fassara guda huɗun da suka fi muhimmanci zuwa Latin domin amfanin sababbin 'yan mishan. Da izinin Valignano ya bar gashi da gemu suka tsiro, kuma a 1595 ya fito cikin rigar alharini da hular malamai. Shekara goma sha biyu ya yi cikin shigar da ba ta dace da manufarsa ba kafin ya gyara.

Daga nan ƙofofi suka fara buɗewa. A Nanchang, a shekarar ta 1595, ya rubuta littafinsa na farko cikin Sinanci, ɗan ƙaramin littafi a kan abota, wanda ya tattara maganganun hikima na magabatan Girka da Roma, daga baya ya cika su ɗari. Babu wa'azi a cikinsa, amma ya zo wa masu karatu daidai, tunda abota tana cikin alaƙoƙi biyar da koyarwar Konfushiyos ta gina zaman jama'a a kansu. A wani taron cin abinci kuma, kamar yadda ya bayar da labari a wasiƙunsa, ya sa aka rubuta masa jerin haruffan Sinanci masu yawa ba tare da wani tsari ba, ya karanta sau ɗaya, ya maimaita su da ka, sannan ya sake jero su daga ƙarshe zuwa farko. A ƙasar da makomar iyali ta rataya a kan haddar ɗa mai shiga jarrabawa, wannan ba abin wasa ba ne. Gwamnan lardin ya nemi ya rubuta dabarar domin 'ya'yansa, ya kuma rubuta a 1596. Dabarar ita ce mutum ya gina gida a zuciyarsa, ya ajiye kowane abin da yake son tunawa a wani lungu cikin wata siffa, sannan ya riƙa zagaya ɗakunan yana ɗauko su.

An naɗa shi shugaban mishan na ƙasar Sin a 1597. Ya isa Beijing a karon farko a 1598, amma ya tarar ana yaƙi da Japan a Koriya, kowane baƙo abin zargi ne, sai ya juya ya zauna a Nanjing. A 1600 ya sake kama hanya tare da Diego de Pantoja, ɗan Sifaniya, ɗauke da kyaututtukan sarki. A hanya suka faɗa hannun Ma Tang, ɗaya daga cikin babannin fada da aka ba karɓar haraji, wanda ya tsare su kusan wata shida. Da yake binciken kayansu ya ci karo da gicciye mai ɗauke da siffar Yesu Almasihu jina-jina, ya ɗauka sammu ne aka haɗa domin a hallaka sarki. Ricci ya ga yadda alamar da ta fi kowace tsarki a wurinsa take zama abin tsoro a idon wanda bai san labarinta ba.

Ranar 24 ga Janairu, 1601, ya shiga Beijing bisa kiran Sarki Wanli. Cikin kyaututtukan akwai zanen Yesu da na Maryamu, da littafin taswirori, da wani abin kiɗa mai tsirkiya da madannai, da agogo biyu masu buga ƙararrawa. Wanli ya riga ya daɗe da daina fitowa zaman fada, ko ministocinsa ba sa ganinsa, don haka gaban karagar da ba kowa a kanta aka kai baƙin suka yi gaisuwa. Abin da ya cece su shi ne agogo. Yana bukatar a riƙa ɗaure shi ana gyarawa, babu kuma wanda ya iya sai su, saboda haka aka riƙa kiransu cikin fada suna koya wa babanni. Jami'an da ke kula da baƙi sun so a mayar da su kudu, sarki ya yi shiru bai amsa takardunsu ba, aka kuma yanka wa baƙin ɗan albashi daga baitulmali. Da wannan shiru Ricci ya zauna a babban birnin har ƙarshen ransa.

Shekaru tara da ya yi a Beijing su ne mafi albarka a aikinsa. A 1602, tare da wani jami'i mai suna Li Zhizao, ya fitar da babbar taswirar duniya mai falle shida, cike da bayanai a kan ƙasashe da tekuna da tafiyar rana da wata. A 1607 shi da Xu Guangqi suka kammala fassarar kashi shida na farko na littafin Yuklid, wanda malaman Larabawa suka sani da Uƙlidis, a kan lissafin siffofi da kusurwoyi. Ricci yana bayani da baki, Xu yana zuba shi cikin Sinancin malamai, kuma wasu kalmomin da suka zaɓa, irin na ɗigo da layi da kusurwa, har yau su ɗaliban Sin ke amfani da su. Sauran kashi taran sai bayan shekara 250 aka fassara su. Ilmin taurarin da ya kawo kuwa na zamaninsa ne, wanda ya ajiye duniya a tsakiya rana tana zagaya ta, amma hanyoyin lissafin sun fi dacewa wajen hasashen husufi, shi ya sa ya riƙa roƙon Roma ta turo masa ƙwararren masanin taurari.

Littafinsa mafi nauyi ya fito a 1603, a kan hakikanin ma'anar Ubangijin Sama, an tsara shi a matsayin tattaunawa tsakanin malamin Sin da malamin Yamma. Hujjarsa ita ce magabatan Sinawa sun san Mahalicci guda, domin tsofaffin littattafansu suna ambaton Shangdi, wato Maɗaukakin Sarki, da kuma Sama, sai daga baya addinin Buddha da masu sharhi na baya-bayan nan suka dusashe wannan sani. Ke nan a cewarsa wanda ya karɓi Kiristanci bai bar gidan kakanninsa ba. A kan haka ya yarda mabiyansa su ci gaba da rusunawa da ƙona turare da ajiye abinci gaban allunan da ke ɗauke da sunayen iyayensu da suka mutu, su kuma girmama Konfushiyos, yana mai cewa wannan ladabi ne na ɗa ga mahaifi da na ɗalibi ga malami, babu bauta a ciki. Sassaucin nasa yana da iyaka. Addinin Buddha bai sami adalci a hannunsa ba, domin ya yi masa raddi mai zafi ba tare da ya karance shi kamar yadda ya karance Konfushiyos ba, har ya ɗauka cewa akidar sake haihuwa daga Girka aka aro ta. Bai kuma yi sassauci a kan aure ba: babban mutum mai ƙwarƙwara sai ya rabu da ita kafin a yi masa baftisma, abin da ya jinkirta shigar Li Zhizao har zuwa 1610. Littafin kuma ya taɓo haihuwar Almasihu a taƙaice, bai kawo zancen gicciye ba, kuma masu sukarsa sun riƙe wannan a kansa.

Gidansa ya zama mahaɗar baƙi iri-iri. A 1605 wani mutum daga Kaifeng mai suna Ai Tian ya zo gaishe shi, domin ya ji labarin baƙin da ke bauta wa Allah ɗaya alhali ba Musulmi ba ne. Da ya ga zanen Maryamu da jariri Yesu da Yahaya mai baftisma, ya ɗauka Rifkatu ce da 'ya'yanta Yakubu da Isuwa. Sai da hira ta yi nisa Ricci ya gane cewa baƙon nasa Bayahude ne, daga wata al'umma da ta shafe ɗaruruwan shekaru a tsakiyar Sin ba tare da Turai ta sani ba. Daga bakin fatake Musulmi na tsakiyar Asiya kuma ya ƙara samun tabbacin cewa ƙasar Kitai da Marco Polo ya ba da labari ita ce dai Sin. Ɗan ƙungiyarsu Bento de Góis ya tabbatar da hakan da ƙafarsa, inda ya taso daga Indiya cikin shigar ɗan kasuwa ya bi ayari ta tsakiyar Asiya, ya rasu a bakin iyakar Sin ta yamma a 1607, kwanaki kaɗan bayan manzon da Ricci ya aika ya iske shi.

Shekarar 1610 ta zo da jarrabawar ƙoli da kuma taron jami'an larduna a Beijing, dubban malamai suka cika birnin. Al'ada ta wajabta a karɓi duk wanda ya kawo ziyara, a kuma rama masa. Ricci ya yi ta karɓa yana ramawa, ga azumin Kirista, ga ginin coci, ga wasiƙu. A farkon Mayu ya kwanta, bayan kimanin mako guda ya cika yana da shekara 57. Kiristocin Sin a lokacin kimanin 2,500 ne, adadin da bai taka kara ya karya ba idan aka dubi yawan jama'ar daular. Sai dai a cikinsu akwai irin su Xu Guangqi, wanda daga baya ya kai matsayin babban sakataren fada, kuma a 1629 aka damƙa masa gyaran kalandar daular tare da masana taurari na Jesuit, irin waɗanda Ricci ya yi ta roƙo a turo. Tarihin da ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa, Nicolas Trigault ya kai shi Turai ya fassara zuwa Latin, aka buga a 1615.

Gardamar da ya bari ta fi shi daɗewa. Magajinsa, Niccolò Longobardo, bai gamsu da amfani da tsofaffin sunayen Sinanci wajen kiran Allah ba. Da limaman ƙungiyoyin Dominikan da Faransiskan suka iso a shekarun 1630, suka yi aiki a ƙauyuka, abin da suka gani a wajen talakawa ya saɓa da abin da Ricci ya ji daga bakin malamai, domin manomi yana roƙon kakanninsa ruwan sama da lafiya. Kowane ɓangare yana da abin da ya dogara da shi, ga kuma kishin ƙungiya da gasar Fotugal da Sifaniya da Faransa. Roma ta yi hukunci a 1645, ta yi wani mai saɓa masa a 1656. Sarki Kangxi na daular Qing ya ba Kiristanci 'yancin yaɗuwa a 1692, ya kuma goyi bayan fahimtar Ricci, amma Paparoma Clement na 11 ya haramta al'adun a 1704, ya jaddada a 1715. Kangxi ya fusata da ganin wani shugaba daga nesa yana yanke hukunci a kan littattafan da wakilansa ba su iya karantawa ba, ya ce sai mai bin hanyar Ricci zai zauna a ƙasarsa. Ɗansa Yongzheng ya haramta addinin a 1724, Paparoma Benedict na 14 kuma ya rufe ƙofar muhawarar a 1742. Sai a watan Disamban 1939, zamanin Paparoma Pius na 12, fadar Vatican ta sassauta ta yarda Katolikan Sin su girmama kakanni da Konfushiyos.

A tsakanin nan littafin Ricci ya yi tafiyar da shi bai yi ba. Jakadun Koriya da ke zuwa Beijing sun koma da shi gida, wasu malamai suka karanta, ɗayansu ya je Beijing aka yi masa baftisma a 1784, ya dawo ya yi wa abokansa, cocin Koriya ta kafu ba tare da wani limami ba. Kabarinsa ma bai tsira daga rikicin tarihi ba: 'yan tawayen Boxer sun lalata maƙabartar a 1900, a lokacin juyin al'adu na 1966 aka binne dutsen a ƙasa, aka sake tayar da shi bayan rasuwar Mao. Ranar 17 ga Disamba, 2022, Paparoma Francis, wanda shi ne ɗan Jesuit na farko da ya hau wannan kujera, ya amince da sanya Ricci cikin bayin Allah abin girmamawa, matakin da a tsarin cocin Katolika yake gabatar ayyana mutum mai albarka, sannan waliyyi.